Tambayoyinku: rular kwali da sikelin burodi a sansanin fursunonin yaƙi

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka sa hoton wata 'yar na'urar lissafi mai hannun juyawa mai suna Curta a fitowar da ta wuce, muka ce a kurkukun 'yan Nazi aka zana ta, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu na tambaya wasu na ƙaryatawa, wani ma cewa ya yi hoton abin niƙa barkono muka sa muna raina wa mutane hankali. To ga waɗanda muka tsinto, sauran a yi mana haƙuri fili ne ya yi kaɗan.

TAMBAYA: Slm Malam, dan Allah ni dai ban gane ba, ta yaya mutum yana kurkuku, kurkukun ma na Hitila, zai ƙera kalkuleta? Da wane ƙarfen? Ko dai irin labaran nan ne na Facebook da ake haɗawa don a samu mabiya. Daga wani ɗalibin foli, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa shakkarka tana kan hanya ta wani gefen, don a cikin sansanin zana ta kawai ya yi, ƙirar sai bayan ya fito, amma fa zane ne irin na injiniya wanda kowane ɗan haƙori da kowane ɗan noti an rubuta awonsa, in ka miƙa wa mai yankan ƙarfe zai hau aiki kai tsaye ba sai ya dawo yana tambayarka ba. Sunan mutumin Curt Herzstark, haifaffen Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1902, kuma ba da ka ya faɗo cikin sana'ar ba, gadonta ya yi, babansa yana da masana'antar injinan lissafi a birnin, shi kuma tun yana saurayi yake yawon tallar su ofis-ofis. Injinan lokacin manya ne, wasu sun fi kilo goma, sai dai a girke su kan tebur, kuma ko'ina ya je kuka ɗaya yake ji daga masu gini da masu awon fili da jami'an kwastan, su dai a ba su wadda za su jefa a aljihu su tafi da ita wurin aiki.

Abin da ya gagari kowa a lokacin wajen ƙanƙanta injin shi ne ɗebewa. Inji mai juya haƙora yana iya tarawa cikin sauƙi, amma in ana so ya ɗebe sai an ƙara masa wasu kayan da za su juya shi baya, nan kuwa girma ya ƙaru. Dabarar Herzstark ita ce ya hana injin ɗebewa kwata-kwata, ya bar shi yana tarawa kawai amma amsar ɗebewa ta fito. Bari in nuna maka da biro. Kana so ka cire 123 daga 457. Ɗauki kowace lamba ta 123 ka ga nawa ya rage ta cika tara, 1 saura 8, 2 saura 7, 3 saura 6, ka samu 876 kenan. Tara 457 da 876 ya ba ka 1333, ƙara 1 ya zama 1334, sai ka watsar da ɗayan nan na farko, saura 334, kuma ka duba da wayarka ka gani ko ba haka ba ne. Sai ya yi ganga ɗaya tal a tsakiyar na'urar mai jerin haƙora iri biyu, in hannun juyawar yana ƙasa haƙoran tarawa ne ke kamawa, in ka ɗan ja shi sama sai na cikon tara su kama. Ya yi rajistar wannan dabara da sunansa a 1938, shekarar da Jamus ta haɗiye Ostiriya, daga nan aka tilasta wa masana'antar ta koma yi wa sojan Jamus kayan awo, maganar kalkuleta ta kwanta.

A 1943 aka kama wasu ma'aikatansa biyu da laifin sauraron rediyon Ingila, bincike ya biyo ta kansa, ga shi babansa Bayahude ne, aka ɗora masa tuhumar taimakon Yahudawa da hulɗa da matan da dokar 'yan Nazi ta haramta masa, aka bi da shi ta kurkukun Pankrác a Prague aka ƙare da shi a sansanin Buchenwald kusa da garin Weimar a Jamus. Wannan sansanin gwale-gwale ne na gaske, mutum wajen 56,000 suka mutu a hannunsa tsakanin 1937 da 1945. Sana'arsa ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarsa, aka kai shi masana'antar makamai ta Gustloff da ke jikin sansanin, kuma kamar yadda shi da bakinsa ya ba da labari a wata doguwar hira da aka yi da shi a 1987, wani babba a wurin ne ya ce masa sun ji yana da wata 'yar na'ura a kansa, ya zana ta, in ta yi kyau za a kai wa Hitila kyauta bayan sun ci yaƙi, shi kuma a wanke shi a mayar da shi cikin jinsin da suke ganin su ne mutane. Ka ji rainin wayo. Shi dai ya gane in dai yana zanen nan to ana bukatarsa da rai, sai ya duƙufa da fensir, da daddare da ranakun Lahadi, babu takardunsa na Biyana babu komai, duk daga ka.

Sojan Amurka sun iso Buchenwald ranar 11 ga Afrilu 1945, ya fito da takardunsa a naɗe, ya samu wata masana'anta a yankin aka yanka masa samfuri uku, duk suka yi aiki. Da ya ga yankin zai faɗa hannun Rasha kuma ana kwashe injiniyoyi, sai ya sulale ya koma Biyana. Sarkin wata 'yar ƙasa Liechtenstein, Franz Josef na II, shi ya jawo shi, aka kafa kamfanin Contina a garin Mauren, a 1948 na'urar ta shiga kasuwa da sunan Curta. Nauyinta kamar giram 230, kayan cikinta wajen 600, tana tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa babu batir babu wuta. In kana son 345 sau 23, sai ka saita 345 a gefe, ka juya hannu sau uku, ka ɗaga kan ka matsar da shi gida ɗaya, ka juya sau biyu, 7935 ta fito a sama. Mai cewa abin niƙa barkono ne ma bai yi nisa da gaskiya ba, su kansu Turawan laƙabin da suka sa mata kenan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata, na taɓa jin cewa fursunonin yaƙi suna yin rular lissafi da kwali ko katako. Abin da ya ɗaure min kai shi ne a ina suke samun lambobin tunda babu littafin fo-figa a hannunsu? In da hali a koya mana mu gwada da yara. Daga Gusau.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, wannan tambayar ta fi kowacce yi min daɗi. Kafin zuwan kalkuleta mai batir duk wani injiniya da matuƙin jirgi da sojan igwa da rular nan yake aiki, sanda biyu ce ɗaya tana zamewa a jikin ɗaya, kuma tsohuwar aba ce, John Napier ya fito da logaridim (log a taƙaice) a 1614, wani limamin coci a Ingila William Oughtred ya haɗa sanduna biyun wajen 1622. To irin waɗannan mutanen ne aka kama aka tara a sansani, an ƙwace musu kaya, sai su nemi kwalin da aka aiko musu abinci a ciki ko ɗan katakon gado ko gora, su kankare su tsaga layuka da reza ko tsinin ƙusa, kuma har yau ana ajiye da irinsu a gidajen tarihi.

Log na lamba shi ne goma nawa za a ninka da juna a same ta, misali log 100 shi ne 2 don 10 sau 10 ce. Sirrin abin ɗaya ne, in kika tara log na lambobi biyu kin samu log na ninkinsu, wato in aka jera lambobi a jikin sanda bisa log ɗinsu, haɗa tsayi biyu ya zama ninkawa. Maganar inda za su samu lambobin kuwa, ai wanda ya yi shekaru yana aiki da su ya haddace kaɗan, log 2 shi ne 0.3010, log 3 shi ne 0.4771, log 7 shi ne 0.8451, kuma waɗannan ukun sun isa a gina ɗaya zuwa goma gaba ɗaya, don 4 ai 2 sau 2 ne sai a ninka 0.3010, 8 a ninka shi sau uku, 6 a tara na 2 da na 3, 9 a ninka na 3, 5 kuwa goma ce raba biyu sai a cire 0.3010 daga 1. Wanda ma bai haddace komai ba yana da mafita in yana da haƙuri. Ki ninka 2 a kanta sau goma za ki samu 1024, ɗan kaɗan ya ɗara dubu, log na dubu kuwa 3 ne, kenan log 2 ya ɗan ɗara 0.3. Sai 3 sau 3 sau 3 sau 3 ya ba da 81, dab da 80, ita kuma 80 ai 8 ce sau 10 wadda kin riga kin sani, ki raba huɗu ki samu wajen 0.476. Haka 7 sau 7 ya ba da 49 dab da 50. Akwai ɗan kuskure a ciki amma a jikin kwali kaurin layin fensir ma ya kusa cinye shi, kuma mai son ya tace sosai yana da hanyoyin da zai bi, abin da fursuna yake da shi a wadace ai lokaci ne.

Ga yadda za ku yi da yara. A yanko kwali biyu dogaye miƙaƙƙu, kowanne ya ɗan wuce santimita 30, a ɗauko rular makaranta. A bakin farko a rubuta 1, daga nan a auna: 2 a kan santimita 9.0, 3 a kan 14.3, 4 a kan 18.1, 5 a kan 21.0, 6 a kan 23.3, 7 a kan 25.4, 8 a kan 27.1, 9 a kan 28.6, 10 a kan 30. A yi haka a gefen ƙasa na kwali ɗaya da gefen sama na ɗayan yadda layukan za su haɗu baki da baki. Za ki ga lambobin suna ta matsewa in an doshi goma, daidai ne kar yara su ce an yi kuskure. Yanzu a zame na saman har 1 ɗinsa ya hau kan 2 na ƙasa, a duba 3 na sama, abin da ke ƙarƙashinsa 6 ne, a duba 4 za a ga 8, a duba 5 za a ga 10, zamewa ɗaya ta ba ki jadawalin biyu gaba ɗaya. In aka zo 4 sau 3 kuwa za a ga 3 ɗin ta faɗa waje babu komai a ƙarƙashinta, sai a dawo da kwalin baya a ɗora 10 na sama a kan 4, a duba ƙarƙashin 3, zai faɗa ɗan gaba da 1 a wurin 1.2, wato 12, don rular ba ta san sifili ko ɗigo ba, wannan aikin kan mai ita ne. Saboda haka ku ƙara layukan tsakiya, 1.2 a kan santimita 2.4, 1.5 a kan 5.3, 2.5 a kan 11.9. Shawarata kar ki ba su jerin awon nan a ranar farko, ki ba su log 2 da log 3 da log 7 kawai ki bar su su yi ta fama, wadda ta gano na 5 da kanta ba za ta sake mantawa da dokar log ba har ta gama makaranta.

TAMBAYA: Ni gaskiya ina ganin wannan duk surutun 'yan boko ne. Mutumin da yunwa ke ci, ana dukansa, me zai yi da lissafi? Ai ta cikinsa yake. Daga wani mai shago a Kasuwar Kurmi, Kano.

AMSA: Alhaji ai ta cikin nasa ce ta kai shi ga lissafin. Cikin kayan awon da aka yi a sansanonin nan ma har da sikelin burodi. Ana miƙo burodi ɗaya a ce na mutum biyar ne ko bakwai ko takwas, kuma shi ne abincin yini, to ɗan ɓarɓashin da ya fi a kason wani yana iya jawo dambe har da jini. Sai su samu ɗan itace miƙaƙƙe su ɗaura zare a tsakiyarsa daidai, a kowane baki su rataya ɗan tsinke mai tsini, a soka yanka ɗaya nan ɗaya can a ɗaga, wanda ya rinjaya a ɗan gutsura a liƙa wa ɗayan, a yi ta yi har sandar ta tsaya. In mutum takwas ne da sauƙi, a raba biyu, a sake, a sake. In biyar ne ko bakwai sai an nemi zare ko sanda mai tsage-tsage an auna tsayin burodin, ga rigimar gefe-gefen da suka fi tauri kuma suka fi tsukewa. Bayan an gama duk wannan ma ba a yarda kowa ya zaɓa, sai wani ya juya baya, a nuna kaso a ce na wa, ya ambaci suna. Kai da kake shiga watanda duk sallah ka san wannan, ko mahauci ya kasa nama daidai wa daida sai an yi ƙuri'a hankali ke kwanciya.

Kuma a matsayinka na ɗan kasuwa ga wanda zai burge ka. Wani Baturen Ingila R. A. Radford da aka tsare a Jamus ya rubuta bayani a 1945 kan yadda kasuwa ta kafu a sansaninsu, taba sigari ta zama kuɗi, komai da ita ake masa farashi, ana liƙa farashin kaya a jikin allo, ana cin bashin burodin yau a biya da na jibi da ɗan ƙari, in kayan Red Cross sun iso taba ta yi yawa farashi ya hau, in an shanye ta farashi ya faɗi. Duk wannan sai da masu riƙe littafi.

Sai masu neman gudu. A sansanin Stalag Luft III da ke Sagan, yanzu garin yana cikin Poland, sojojin saman Ingila da ƙawayenta sun haƙa rami mai zurfin mita 9 da tsawon sama da mita 100 a cikin rairayi, suka tokare shi da katakon gadajensu, suka haɗa bututun iska da gwangwanayen madarar Klim sama da 1,400. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba ya ganin inda ya nufa, wanda ke sama kuma ba shi da damar ɗaukar tef ya je ya auna daga ɗaki zuwa daji a gaban masu gadi, dole sai da lissafin kusurwa daga nesa da awon igiya a cikin rami. Wani ɗan Ostireliya Albert Hake shi ya riƙa yi musu kamfas, yana narka fasassun faifan garmaho ya yi gidan, ya goga tsinken reza da maganaɗisu ya zama allurar nuna arewa, har da tambarin tsokana a ƙasa wai an yi a Stalag Luft III. Daren 24 ga Maris 1944 da suka fasa ƙasa sai suka tarar bakin ramin bai kai cikin bishiyoyi ba, ya gaza da 'yan mitoci, yana fili kusa da hasumiyar mai gadi, dole fita ta koma ɗaya-ɗaya ana jan igiya a ba da alama. An shirya mutum 200, 76 suka fita kafin a gano, uku kacal suka kai gida, 'yan Norwe biyu da ɗan Holan ɗaya, aka kamo 73, Hitila ya sa aka harbe 50, Hake na cikinsu. Wallahi duk lokacin da na tuna 'yan mitocin nan sai in ji wani iri.

A gidan sarautar Colditz ta Jamus kuwa inda ake kai fursunoni masu taurin kai, Bill Goldfinch da Jack Best sun samu wani littafin ƙirar jirgi a laburaren kurkukun, suka zauna suka yi lissafin nauyi da faɗin fiffike, suka haɗa jirgi mara inji mai faɗin kusan mita 10 a ɓoye a saman rufi, da katakon gado da na daɓe da wayar lantarki, suka lulluɓe shi da yadin jakar barci, suka dafa geron da ake ba su suka shafe yadin da shi don ya toshe ƙofofin iska. Amurkawa sun 'yanta wurin a Afrilu 1945 kafin a tashe shi, amma a 2000 an yi irinsa a Ingila bisa zanen kuma ya tashi.

TAMBAYA: Malam na ga bidiyo a YouTube wai akwai hanyar Trachtenberg da mutum zai riƙa lissafi kamar kwamfuta, wai shi ma a kurkuku ya ƙirƙiro. Gsky ne? Zai taimaka min a JAMB? Daga wata ɗaliba, Bauci.

AMSA: 'Yata, mutumin gaskiya ne, Jakow Trachtenberg, injiniya haifaffen Odessa a 1888, 'yan Nazi sun tsare shi, ya tsira ya kai Suwizalan ya buɗe makarantar lissafi a Zurich a 1950. Labarin zamansa a tsare yawanci daga littafin da Ann Cutler da Rudolph McShane suka fitar a 1960 ake ɗauko shi, cewa ba shi da takarda sai ya riƙa juya lambobi a ka don kar ya haukace. Shi nasa kayan aikin dokoki ne da ake haddacewa. Misali sau 11, ki fara daga dama, ki sauke lambar ƙarshe, sannan kowace lamba ki tara ta da maƙwabciyarta ta dama, a ƙarshe ki sauke ta farko. 3425 sau 11: sauke 5, 2 da 5 bakwai, 4 da 2 shida, 3 da 4 bakwai, sauke 3, amsa 37675. Sau 12 kuma ki ninka lambar biyu kafin ki tara da maƙwabciya, 314 zai ba ki 8, sai 6, sai 7, sai 3, wato 3768. In jimla ta wuce tara ki riƙe ɗaya kamar kullum. Yana da daɗi kuma yana sa sauri, amma kamar kwamfuta kam ƙarin gishirin masu bidiyo ne, kuma jarrabawarku ba gasar ninkawa ba ce, ki ba aljabara da jometiri lokacinki, wannan ki riƙa yi a mota.

TAMBAYA: Malam ina yini. Kakanmu yana cikin sojan da Faransa ta ɗiba daga nan, Jamus ta kama su a 1940, a gida ana cewa aikin gona da saran itace aka sa su. To su waɗannan masu littafi da rula su wane irin fursuna ne? Daga Damagaram.

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Abin da aka faɗa muku a gida haka yake, kuma tambayarka ta taɓo inda masu ba da labaran nan suke tsallakewa. Yarjejeniyar Janiba ta 1929 ta ce ba a tilasta wa hafsa aiki, ta ba da damar aiko da kaya da littattafai, saboda haka hafsoshin Ingila da Amurka da Faransa da ke hannun Jamus suna da yini guda ba abin yi, ga Red Cross na kawo abinci, har wani sashe aka buɗe a Oxford mai aika musu littattafai, wasu a cikin sansani suka zauna jarrabawar Jami'ar Landan. A sansanin Oflag XVII-A a Ostiriya hafsoshin Faransa jami'a guda suka kafa, shugabanta Jean Leray, masani ne kan lissafin gudun ruwa da iska amma ya ɓoye don kar Jamus ta sa shi aikin yaƙi, ya koma wani fannin da ba ya harbi, kuma abin da ya gano a shekaru biyar ɗin nan har yau ana karantar da shi a manyan jami'o'i. Ingila ma da ta tsare 'yan gudun hijirar Jamus da Ostiriya a 1940 ta tura wasu Kanada, cikinsu har da Hermann Bondi da Thomas Gold da suka haɗu a tsare, daga baya suka yi suna a ilimin taurari.

Su kakanku kuwa, sojan Afirka ta Yamma da ake wa kuɗin goro ana kiransu 'yan Senegal alhali daga ko'ina aka ɗebo su har da Nijar, Jamus ba ta ma so su zauna a ƙasarta ba saboda wariyar launi, sai ta bar yawancinsu a sansanonin da ake kira Frontstalag a cikin Faransa tana sa su aikin ƙarfi, Léopold Sédar Senghor da ya zama shugaban Senegal ma ya zauna a irinsu. Lissafin da ya dame su shi ne na albashin shekarun da suka yi a tsare, kuma da aka dawo da wasu sansanin Thiaroye kusa da Dakar suka nemi haƙƙinsu, sojan Faransa ya buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944, hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce adadin ya fi haka sosai. Fursunonin Rasha a hannun Jamus kuwa sama da miliyan uku suka mutu, yawanci yunwa da sanyi da cuta.

TAMBAYA: Shin akwai wanda ya fita daga kurkuku da wata dabarar lissafi da ya koya a wurin waɗanda suka kama shi? Daga wani mai karatu, Kumasi.

AMSA: Akwai, tun ma kafin yaƙin Hitila da shekara sama da ɗari. Jean-Victor Poncelet injiniyan soja ne a rundunar Napoleon da ta shiga Rasha a 1812, aka kama shi aka kai shi Saratov a bakin kogin Volga, ya zauna har 1814 babu littafi, ya sake gina jometirin da ya koya daga ka har ya wuce inda malamansa suka tsaya, littafin da ya fitar a 1822 daga rubuce-rubucen can ya samo asali. Kuma shi ake dangantawa da kawo wa Faransa allon lissafin Rashawa, firam ɗin katako mai wayoyi a kwance kowace da 'ya'ya goma ana tura su gefe, wanda masu shago a Rasha ba su daina amfani da shi ba har kusan ƙarshen ƙarni na 20. A Faransa sai ya zama abin koya wa yara ƙirga.

TAMBAYA: To Malam ita Curta ɗin ana samunta yanzu? Nawa ce? Kuma shi mai ita ya yi kuɗi? Daga wani mai gyaran agogo, Maraɗi.

AMSA: Maigida an daina yin ta a farkon shekarun 1970 bayan an ƙera wajen 140,000, kalkuleta mai batir ce ta kashe mata kasuwa ita da rular lissafi gaba ɗaya, duk da masu tseren mota sun ɗan ci gaba da riƙe ta don jijjiga ba ta damunta. Iri biyu ce, ƙaramar tana fitar da amsa mai lamba 11, babbar da ta fito a 1954 mai lamba 15. A zamaninta dala 125 ake sayar da ƙaramar a Amurka, yanzu sai a hannun masu tara kayan tarihi a intanet kuma mai lafiya takan wuce dala dubu. Shi Herzstark masu jarin kamfanin sun so su yi masa wayo, suka sake tsarin kamfanin hannun jarinsa ya tashi a banza, sai dai rajistar dabarar da sunansa take ba da na kamfani ba, dole suka dawo suka zauna da shi. Ya rasu a Liechtenstein a 1988 yana da shekara 86. In Allah ya sa wata ta faɗo hannunka, na san halinku masu gyaran agogo, dan Allah kar ka kwance ta, da yawa waɗanda suka gwada a da sai dai suka tattara kayan a gwangwani suka aika wa kamfani ya mayar musu, yanzu kuwa kamfanin ma babu shi. Kuma hannun nata gefe ɗaya yake juyawa, yadda hannun agogo ke tafiya, kar a matsa masa baya.